Yadda za ka kai tsibirin Fair Isle, ka zauna, ka ga tsuntsayensa

Bayan an kwashe amfanin gona, hunturu ya fara busawa, akwai wani ɗan tsuntsu da ke bayyana a gonakinmu na Arewa da kudancin Nijar. Bai kai kurciya ba. Yakan tsaya cak a kan hoge ko kututturen kara, yana kaɗa wutsiya, in ya tashi sai ka ga farin gindin wutsiyarsa ya haska. Yawancinmu ba mu taɓa tambayar inda yake kwana da damina ba. Turawa suna kiransa wheatear, kuma a ƙasashen arewacin duniya yake yin ƙwai. Ɗaya daga cikin wuraren da jinsinsa ke sheƙa shi ne wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle, can a saman Birtaniya, inda tekun Atilantika ya haɗu da Tekun Arewa. Wannan jagora na wanda ya yi niyyar bin sawun tsuntsun nan ne har gidansa na biyu, ko ɗalibi ne da ke karatu a Birtaniya, ko mai nazarin tsuntsaye, ko mai son ganin ikon Allah kawai.

Fara da sanin wurin

Fair Isle yana ƙarƙashin yankin Shetland na Sikotilan. Tsawonsa kusan kilomita 5 ne, faɗinsa bai kai kilomita 3 ba, mutanensa kuma ba su wuce 60 da wani abu ba. Daga ƙarshen kudancin babban tsibirin Shetland zuwa can kusan kilomita 38 ne, daga tsibiran Orkney kuma ya ɗan ɗara 40. Duk inda ka juya ruwa ne.

Tsibirin kashi biyu ne, katangar dutse ta raba su. Kudu shi ne wurin zama: ƙasa ce mai ɗan laushi, a nan gidaje da ƙananan gonaki suke, da makarantar firamare, da kanti ɗaya tal wanda shi ne kuma gidan waya, da majami'u biyu, da ɗan gidan tarihi. Arewa makiyaya ce ta kowa da kowa, tudu ne mai gajeriyar ciyawa da tumaki ke yawo a kai, kuma a can ne tsauni mafi tsayi yake, Ward Hill, mita 217. Ta yamma ƙasar takan yanke ne kwatsam, dutse ya miƙe tsaye har cikin teku. Ta gabas kuma akwai Sheep Rock, wani ƙaton dutse mai mita 132 wanda a da mazan tsibirin kan hau da sarƙa da igiya su kai tumaki kiwo a samansa. Bishiya kusan babu, iska da gishirin teku ba sa barin ta ta girma.

Tun 1954 tsibirin yana hannun ƙungiyar kula da kayan tarihi ta Sikotilan, wato National Trust for Scotland. Ta karɓe shi ne daga George Waterston, masanin tsuntsaye wanda ya saye shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa gidan nazarin tsuntsaye a 1948.

Zaɓi lokaci

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, domin abin da za ka gani ya danganta da watan da ka je. In tsuntsayen teku kake so, masu sheƙa dubbai a jikin duwatsu, to ka nufi tsakanin Mayu da ƙarshen Yuli. Da Agusta ta shigo sun fara watsewa cikin teku. In kuwa tsuntsaye matafiya ne burinka, lokaci biyu ne: Mayu zuwa farkon Yuni suna hawa arewa, Satumba da Oktoba suna gangarowa kudu. Wanda bai taɓa zuwa ba, shawarata ya je a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ya samu duka biyun, ga rana mai tsawo, ga teku da ɗan sauƙi.

Hunturu ba na baƙo ba ne. Rana wajen awa shida ce kawai a Disamba, jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a mako, shi ma in teku ta yarda.

Tsara hanya, ka bar wa iska nata kwanakin

Bizar ziyara ta Birtaniya ta wadatar, babu wata takarda ta daban don Sikotilan ko Shetland. Daga Landan ka nufi Aberdeen ta jirgin ƙasa ko na sama. Daga Aberdeen hanya biyu ce zuwa Shetland: jirgin ruwan NorthLink da ke tashi da yamma ya wayi gari a Lerwick, babban garin yankin, tafiyar awa 12 zuwa 14, ko jirgin saman Loganair da ke sauka a filin Sumburgh cikin kimanin awa guda.

Daga nan ne ainihin tafiyar ta fara. Akwai ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum bakwai zuwa takwas da ke tashi daga filin Tingwall kusa da Lerwick, ya kai Fair Isle cikin minti 25. Ka lura da kyau, Tingwall daban, Sumburgh daban, akwai tafiyar mota mai ɗan nisa tsakaninsu, kuma baƙi da yawa kan ruɗe a nan. Ana auna nauyin kaya sosai, saboda haka ƙaramar jaka za ka riƙa. Hanya ta biyu jirgin ruwan tsibirin ne, Good Shepherd IV, wanda yake aiki tun 1986. Fasinja 12 kawai yake ɗauka, sauran wurin na kaya ne: abinci, man fetur, wasiƙu, wani lokaci har tumaki. Yana ɗaukar mutane a gaɓar Grutness, kusa da filin Sumburgh, ya yi awa biyu da rabi a ruwa. Matuƙansa mutanen tsibirin ne, a can jirgin yake kwana, shi ya sa da safe daga Fair Isle yake fitowa sannan ya koma. Gwamnatin Birtaniya ta ware kuɗin sabon jirgi a 2023, don haka ka bincika wanda ke aiki a lokacin tafiyarka. Ko ta sama ko ta ruwa, sai ka kama kujera tun da wuri.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. A Fair Isle jadawali niyya ce kawai, iska da hazo ke yanke hukunci. Hazo ya rufe filin jirgi, jirgin sama ba zai sauka ba. Teku ta tashi, jirgin ruwa ba zai fito ba. Abu ne da aka saba mutum ya kwana biyu ko uku a Lerwick yana jira, ko ya maƙale a tsibirin bayan ranar da ya sa zai tafi. Saboda haka ka bar aƙalla kwana biyu a sake kafin shiga, biyu bayan fita, kada kuma ka sayi tikitin komawa gida wanda ba a iya sauya ranarsa. Kuɗin waɗannan kwanakin ka sa su cikin lissafi tun daga gida.

In ruwa ka zaɓa, ka sani mashigin da ke kudu da Sumburgh wuri ne da igiyoyin ruwa ke karo da juna, kuma jirgin ƙarami ne. Ka sha maganin jiri da amai tun kafin ka hau, ka ci abu mara maiƙo, ka zauna inda kake hango sararin sama. Wanda bai taɓa hawa teku ba, gara ya shiga ta sama.

Masauki kafin tikiti

Babu otal, babu gidan abinci, kuma ba wurin da mutum zai sauka haka kawai ya ce zai nemi ɗaki ba ne. Ka fara samun masauki sannan ka sayi tikiti. Gidan nazarin tsuntsaye shi ne babban masaukin baƙi. Gobara ta cinye shi ƙurmus a Maris 2019, aka sake gina sabo a wurin. Ban da shi akwai gidaje kaɗan da ke saukar da baƙi su ciyar da su sau uku a rana. Ɗakunan Satumba da Oktoba masu neman tsuntsaye kan kama su tun shekara guda kafin lokacin.

Tun a saƙon farko ka gaya wa mai masaukinka abin da ba ka ci. Tumaki sun fi mutane yawa a tsibirin, amma babu mai yanka irin na Musulunci, don haka kifi, ƙwai, dankalin Turawa da ganye su ne abincinka. Ba su ɗaukar wannan a matsayin wahala in an faɗa musu da wuri, domin kayan cefane ta jirgin ruwa suke zuwa, sai an yi oda. Ka zo da ɗan yajinka, da kuɗi tsaba kaɗan a aljihu.

Sutura

Sanyin Fair Isle ba irin na Rasha ko Kanada ba ne. Ruwan ɗumi da ke kwararowa ta Atilantika yana hana ƙanƙara daɗewa, amma kuma yana hana zafi: a tsakiyar lokacin zafinsu ma'auni da wuya ya wuce digiri 15. Iska ce ke ratsa ƙashi, tare da yayyafi da ke zuwa a karkace. Lema ba ta da amfani, iska za ta karya ta. Ka nemi rigar ruwa da wandon ruwa masu kyau, takalmin but mai kama ƙasa, hular sanyi da safar hannu. Riguna marasa nauyi uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya, domin kana hawa tudu za ka yi gumi, kana tsayawa sanyi ya dawo. Madubin hangen nesa dole ne, ko aro ne.

Kafin ka rufe jaka ka zazzage ta. Babu ƙaton ɓeran nan mai ɓarna a Fair Isle, kuma in mace ɗaya mai ciki ta shiga cikin kaya za ta iya halaka tsuntsayen da ke ƙwai a rami. Suna ɗaukar maganar da matuƙar muhimmanci, kai ma ka ɗauke ta haka.

Salla a inda dare ba ya yin duhu

Tsibirin yana sama da digiri 59 arewa. A ƙarshen Yuni rana takan faɗi wajen ƙarfe 10:30 na dare, ta fito kafin ƙarfe 4 na asuba, kuma tsakanin nan jan shafaƙi ba ya ɓacewa. Mutanen Shetland suna kiran wannan hasken simmer dim. Ma'ana, alamar shigar Isha da ta fitowar alfijir kamar yadda muka san su ba sa bayyana. Malamai sun yi magana a kan wannan tuntuni: wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu sun ce a raba daren. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ko ka karɓi jadawalin wani masallaci a Aberdeen ka ji hanyar da suke bi, kada ka bari sai ka je can kana lalube a waya. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a gida, kudu maso gabas ce. Masallaci babu a tsibirin.

Yadda za ka bi tsuntsayen

Da ka sauka, ka fara zuwa gidan nazarin tsuntsaye ka tambayi ma'aikata abin da ake gani a makon. Kowace safiya suna zagaya tarkunansu, wasu dogayen keji na raga masu faɗin baki da ke tsukewa a ƙarshe, an kafa su jikin katangu da kwazazzabai. Tsuntsun da ya shiga sai a auna shi, a sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Baƙo yana iya bin su, kuma ina ganin babu abin da ya kai wannan a duk ziyarar. Za a nuna maka tsuntsu a tafin hannu, nauyinsa bai kai na ƙwallon goro ba, a ce maka wannan Afirka ta Yamma zai yi hunturu, sai ya tsallake Bahar Rum da Sahara. Irin waɗannan matafiya ne ke sauka a fadamun Hadeja da Nguru, su ne kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take bibiya daga wannan ɓangaren. Da daddare kuma ana zama a karanta jerin duk abin da aka gani a ranar, kowa ya faɗi nasa. Da wannan lissafin na kullum, tun 1948, aka tattara sama da jinsi 350 a wannan ɗan wuri.

Dalilin yawansu a fili yake. Tsuntsun da ya gaji a tsakiyar teku ba shi da wurin sauka sai nan, kuma da yake babu daji, ba shi da wurin ɓuya daga idon mai nema. In iska ta kaɗo daga gabas ko kudu maso gabas a watan Satumba, har tsuntsayen Saiberiya da suka ɓata hanya sukan faɗo. A irin wannan ranar ka bi gefen katangu, ramukan ruwa da lambunan kabeji, kana tafiya a hankali.

Sai tsuntsayen teku. Wanda kowa ke zuwa dominsa shi ne puffin, mutanen wurin suna ce masa tammie norie: gajere, baƙi da fari, da faffaɗan baki mai ja da rawaya, ƙafafu kamar an sa musu lalle. A rami yake ƙwai, ƙwai ɗaya a shekara. Ka je gangaren ciyawa na Buness, dab da gidan nazarin, da yamma lis. Ka zauna ƙasa ka yi shiru, su da kansu za su matso, wasu da jerin ƙananan kifaye a baki. Kada ka taka kusa da bakin gangaren, ƙasar duk ramuka ce, kana iya rufta wa ɗan tsako ɗakinsa.

Biyu daga cikinsu sai ka yi hattara. Bonxie ƙaton tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, ɗan fashi ne da ke ƙwace kifi a bakin wasu, kuma a tudun arewa yake sheƙa a ƙasa. In ka kusanci 'ya'yansa zai taso maka kai tsaye kamar shirwa ta ga ɗan tsako. Ka ɗaga sanda ko hannu sama da kanka, domin abin da ya fi tsayi yake kai wa hari, ka bar wurin ba tare da gudu ba. Murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta kashe su da yawa, saboda haka in ka ga mataccen tsuntsu kada ka taɓa, ka sanar da ma'aikata. Na biyun maalie ne, fari mai toka-toka, yana zaune lumui a jikin dutse kamar tantabara, amma in ka matsa masa sai ya feso maka wani mai daga cikinsa wanda warinsa ba ya fita daga tufa.

Akwai kuma ɗan mitsitsin tsuntsu mai ɗage wutsiya da ke zama cikin duwatsun bakin ruwa, wanda irinsa babu a ko'ina a duniya sai Fair Isle. Ƙarar kukansa ta fi jikinsa, da ita za ka gane shi. A cikin ruwa za ka ga selkie, dabbar teku mai kama da ayu, tana leƙo kai tana kallonka. In da rabo, orka ma, wasu manyan dabbobin teku masu launin baƙi da fari, sukan wuce kusa da gaɓa.

Abu ɗaya ya dame ni game da duwatsun nan. Wasu jinsunan sun ragu ƙwarai cikin shekarun baya, domin siraran kifayen cikin yashi da suke ciyar da 'ya'yansu da su sun yi ƙaranci yayin da ruwan teku ke ɗumama. Mutanen tsibirin ne da kansu suka yi shekaru suna neman a kare ruwan da ke kewaye da su, har gwamnatin Sikotilan ta amince a 2016.

Tafiya a bakin dutse

Dokar Sikotilan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa fili in zai kiyaye haƙƙin masu shi. Ka tsallake shinge ta matakalar da aka tanada, ka rufe ƙofar da ka buɗe, kada ka shiga cikin shuka, ka nisanci tumaki masu jego a Afrilu da Mayu. Babu shinge a bakin duwatsun, ciyawar kuma santsi gare ta in ta jiƙe. Ranar iska mai ƙarfi ko hazo ka bar yamma da arewa, ka yi yawonka a kudu. Kullum ka gaya wa mai masaukinka inda ka nufa. Ma'aikaciyar jinya ce kawai a tsibirin, ciwo mai tsanani sai an ɗauki mutum ta sama zuwa asibitin Lerwick.

Ka ware rana ɗaya ka taka daga hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta kudu zuwa ta arewa. Duka biyun a 1892 aka kunna su, kuma ta kudun ita ce ta ƙarshe a duk Sikotilan da mutane suka daina kwana suna tsaronta, a 1998. A hanya za ka ga ragowar jirgin saman yaƙin Jamus da ya faɗo a 1941. A gabashin tsibirin ne kuma jirgin ruwan yaƙin Sifaniya El Gran Grifón ya tarwatse a 1588, mutum kusan 300 suka tsira suka zauna makonni a kan jama'ar da da ƙyar take ciyar da kanta.

Zama da mutanen gari

Ka tuna gidan mutane ka zo. A wurin da mutum 60 ke riƙe da jirgin ruwa, filin jirgi, motar kashe gobara, hanya, ruwan sha da wutar lantarki, kowa yana da aiki uku ko huɗu. Wanda ya karɓi jakarka a filin jirgi, shi za ka gani da rana yana gyaran shinge. Wutar awa 24 ma sai a 2018 suka samu, daga injinan iska da sola da batura. Kafin nan ana ɗauke ta da daddare. Yaro in ya gama firamare sai ya tafi makarantar kwana a Lerwick, iyaye su riƙa ganinsa a hutu da wasu ƙarshen mako. Ka gai da duk wanda ka haɗu da shi a hanya, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko gidansa. In ka dace da ranar da ake kora tumakin tudu gaba ɗaya don yi musu aski, ka shiga sahu, ana maraba da ƙarin hannu.

Saƙa ita ce sana'ar da ta fitar da sunan tsibirin duniya. Da gashin tumakin Shetland ake yin ta, launi biyu kawai a kowane layi, amma layukan suna sauyawa har zane ya fito jere-jere. Ta yi tashe ne bayan da Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya fito da irin suwaitar a 1921. Yau kantunan duniya cike suke da kayan masana'anta masu ɗauke da sunan, amma na ainihi a hannun mutane ƙalilan yake, a nan tsibirin. Suwaita guda aikin kwanaki ne masu yawa, tana da tsada, kuma sau da yawa sai an yi oda an jira watanni. Kada ka yi tayi irin na kasuwa, farashin da aka faɗa shi ne. In aljihu bai kai ba, hula ko safar hannu ta isa tsaraba.

Ranar fita

Ka haɗa kayanka tun daren jajibere, domin in an hango iska na tafe ana iya matso da tashin jirgi da awanni, a aiko maka ka fito yanzu. Mai masaukinka ne zai fara jin labari, ka zauna kusa da shi da safen nan maimakon ka haye tudu. In an soke jirgin sama, ka tambaya nan take ko akwai gurbi a jirgin ruwa na gaba, ka kuma sanar da masaukinka na Lerwick da kamfanin da zai kai ka Aberdeen tun kafin kujeru su cika.